Ƙofar da Ba Ta Cikin Pilan

Dela ta karɓi haihuwar 'ya'yan mutane a likitar Arlit, wato asibitin garin, har ta kai ga ƙatti masu gemu suna durƙusa mata a kasuwa, ita kuwa ba ta gane ko ɗan wace ce ba. Nata ɗakin bai taɓa jin kukan jariri ba. Mijinta, wani makaniki mai yawan dariya, ya rasu ya bar ta a gidan haya, ita da rediyo da 'yar tukunyar da ba ta wuce cin mutum guda. In ta taso daga aiki sai ta dafa shinkafa, ta ci rabi, ta rufe rabi. Ba ta taɓa kai kukan wannan zama wurin kowa ba. Amma da lokacin aje aikinta ya matso sai tsoro ya kama ta, kuma ba tsoron talauci ba ne. Tana tsoron ta tsufa a bayan ƙofar da ba mai turawa, ta faɗi a tsakar gida a rasa wanda zai ji.

Duk lokacin da tsoron ya taso, Gwaggo Yalwa take tunawa. Ƙanwar babansu ce, ita ma ba ta haihu ba, ita ma miji ya mutu ya bar ta, ta dawo garinsu Tama aka yi mata gini a jikin gidansu. Dela ba ta taɓa ganin tsohuwar nan ta ci tuwo ita kaɗai ba. Kullum akwai wani a gindinta, ko mai neman gishiri, ko mai gudun duka, ko mai kawo tsegumi da zafinsa. Ranar da ta cika ma a hannun mutane ta cika, ana gardamar wadda ta fi iya dama mata kunu. Irin wannan tsufa Dela take so, ba ta neman ƙari.

Sai ta kira yayanta Hamidu. Manomi ne, gero da damina, albasa a fadama da rani, kuma mutum ne da maganarsa sai an jawo ta kamar guga a rijiya mai zurfi. Ya saurare ta har ta gama, ya ce kangon da ke jikin gidansa ta yamma rabonta ne tun rasuwar babansu, ta zo ta gina. Kafin ya rufe baki matarsa A'i ta fizge wayar. Tun tana amarya take kiran Dela Mai-allura, wasan matar wa da ƙanwar miji bai taɓa yankewa tsakaninsu ba. Ta ce Mai-allura ta dawo mana, dama bakinta ya yi tsatsa don rashin wadda za ta zaga. Dela ta aje waya tana dariya ita kaɗai a ɗaki, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Maganar magini ba ta ɗauki lokaci ba. Yaƙubu ne, ɗan kawunsu, taubashin Dela, wanda rabin gidajen bulo na Tama shi ya ɗora su. Dela ta sa aka zana mata pilan a Tawa: ɗakuna, baranda, wurin wanka a ciki, da katanga mai tsawo ta kewaye gidan duka. Saura shekara guda ta aje aiki, ba za ta iya zuwa tsayawa a kan gini ba, sai dai ta aika ta saurara.

Nan ne abokiyar aikinta Rahinatu ta sa baki. Ita ma daga nesa ta yi gini a garinsu, a hannun dangi, damina ɗaya ta wuce bango ya tsage har ana hango hasken waje. Ba wanda ya cuce ta, in ji ta, kowa ya yi iyakar saninsa, iyakar sanin ne bai kai ba. Ta ce Dela ta nemi wanda ya san aikin, wanda ba dangin magini ba ne, ba mai sayar da siminti ba ne, ya riƙa duba mata mataki mataki. Ta ba ta lambar wani Mahamud, mutumin Keita, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin madatsun ruwa, yanzu yake duba wa mutane gini a biya shi ladansa.

Shawarar ta zauna wa Dela daidai. Ita fa mace ce da ba ta taɓa yarda da "ai na wanke" ba sai ta ga almakashi ya tafasa da idonta. Abin da ya dame ta shi ne yadda za ta faɗa wa Hamidu, don a Tama ba a kawo bare ya leƙa aikin ɗan uwa. Ta yi ta kwana-kwana a waya, ta ce ba don rashin yarda ba ne, siminti ne ke da nasa hali.

"To, madalla," in ji Hamidu. "Shi zo."

Mahamud ya zo a kan tsohon motonsa mai ƙafa biyu, dogo, siriri, da 'yar guduma a aljihu da kwalba a jaka. Kafin mako ya zagayo duk gari ya san shi da Kwantirola. Zai ɗebi yashi ya zuba a kwalba, ya ƙara ruwa ya girgiza, ya aje ya jira laka ta kwanta a sama. In ta yi kauri sai ya ce a mayar da yashin inda aka ɗebo shi. Zai ɗaga bulo daidai ƙirji ya saki, in ya wargaje sai a sake bugawa. Ya sa aka ƙara zurfin tushe don ƙasar wajen tana shan ruwa ta kumbura, ya mayar da ƙarfen da ya ce ya yi siranta, ya tsaya a kan a riƙa shayar da bulo safe da yamma. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya kuma janye magana. Daga gidan Hamidu ake aiko masa da abinci a kwanon baƙi, ya ci a gindin bishiyar bedi shi kaɗai, ya wanke hannu ya hau moto.

Yaƙubu ya riƙa aiko wa Dela saƙon murya, rabi wasa rabi gaske. "Ke baiwata," ya ce a ɗaya, "mi munka yi miki kinka aiko muna jandarma? Wanga mutum ko yashi sai ya rantsar da shi." Dela takan saurara ta sake saurara, ta mayar masa da cewa bawa ba ya zaɓen mai tsaronsa. Cikin ranta tana jin daɗi. Kowane ƙarshen mako Mahamud yana turo mata hotuna, tana kallon gidanta yana tasowa daga ƙasa, tsaf, ba karkace.

Wata rana da hantsi ya kira ta. Ranar likita ta cika, ga wata mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, Dela ta fito baranda da waya a kunne, hankalinta yana ciki.

"Madam, akwai wurin da anka bari buɗe ga katangar gabas," in ji Mahamud. "Ba shi cikin pilan. Hwaɗin mutum guda na, kuma katako ɗai anka gitta bisa, babu linto."

Linto dai ita ce gadar siminti da ƙarfe da ake zubawa a saman ƙofa don ta ɗauki nauyin abin da ke bisa. Ya ce in aka ɗora bulo a kan katako, gara za ta ci katakon, wata rana ginin ya sauko a kan wani. Ko dai a zuba linto, ko a toshe, zaɓi nata ne. Ta tambayi wanda ya ce a bari. Ya ce magini ya ce yayanta ne. Dela ta tuna a gidan Hamidu ake tara gangunan ruwan aikin, ta ce a ranta hanyar masu ɗibar ruwa ce, an gama da ita kuwa sai ta zama hanyar awaki.

"Abin da babu cikin pilan, a toshe shi," ta ce.

"Kin tabbata, Madam?"

Daga ciki aka ƙwala mata kira. Ta ce ta ce a toshe, ta kashe waya ta koma. Matar ta rayu, jaririn ya rayu, Dela ta koma gida da yamma tana jin ta yi aikin kirki a ranar, ba ta sake tuna maganar katanga ba.

Bayan wannan ne saƙonnin Yaƙubu suka ɗauke. Ta ɗauka aiki ne ya yi masa yawa. In ta kira Hamidu sai lafiya lau, aiki na tafiya, a gai da mutanen Arlit. A'i ba ta sake fizge waya ba. Dela ta lura, amma ta ce in ta je komai zai daidaita, waya ba ta iya ɗaukar zumunci.

Ta iso Tama da bazara, gab da faɗuwar ruwa, da kayanta a bayan mota. Gidan ya fi yadda ta zata kyau. Ta bi ɗaki ɗaki tana shafa bango, ƙofofi suna rufuwa ba sai an sa kafaɗa ba, ƙasan baranda a miƙe. Dangi sun zo sannu da zuwa ta babbar ƙofar ƙarfe, sun zauna a kujerun da ta sayo, sun sha ruwan sanyi, sun sa albarka. A'i ta zo cikin mata, da sabon zane kamar mai zuwa biki.

"Sannu da hanya, Madam," ta ce.

Dela ta dube ta tana jiran sauran, tana jiran a ce mata ta rame kamar sirinji ko wani abu irin na da. A'i ta gyara mayafi ta zauna a bakin kujera. Da mata suka tashi ta tashi tare da su.

Sai zama ya fara. Ƙofar Dela tana kallon yamma, wajen hanya. Ta Hamidu tana kallon gabas. In za ta je wurinsu sai ta yafa mayafi, ta kulle gida, ta bi lungu ta zagaya ta gaban masallaci, ta gai da dattawan da ke zaune a nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi sallama a zaure ta jira a amsa. In ta shiga sai a shimfiɗa mata sabuwar tabarma, a kawo ruwa a kofin gilas, hirar da ta tarar ta mutu. A tambaye ta gajiya, a tambaye ta zafi, ta tambayi gona. In ta tashi a raka ta har zaure. Ba wanda ya ɓata mata rai ko sau ɗaya, wannan ne ma ya fi ci mata rai, don ba ta da abin da za ta riƙe ta ce ga laifin da aka yi mata.

Tuwo yana zuwa kowace yamma. A'i ce ke kawowa da kanta a kwanon baƙi mai murfi, ta tsaya a ƙofa ta miƙa, ta ce ta bar tukunya a wuta. Dela takan ci rabi ta rufe rabi, kamar a Arlit. Ta sayo babbar tukunya a kasuwar Buza saboda masu zuwa, tukunyar tana nan a kife a kan kanta, ko baƙin wuta ba ta yi ba.

Abin da Arlit ba ta yi mata ba, Tama ta yi. A can in ta rufe ƙofa shiru ne kawai. A nan tana jin komai ta bayan katangar gabas: daka da asuba, A'i tana faɗa da matar ɗanta a kan wanke-wanke, jikoki suna kokawa, tarin Hamidu in ya dawo daga gona, dariyar da ke tashi gaba ɗaya a kan maganar da ba ta ji farkonta ba. Takan tsaya da tsintsiya a hannu har dariyar ta lafa. Kaɗaici ya dame ta fiye da yadda ya taɓa damunta, ta kuma kasa gane abin da ta yi.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Katangun laka suka zube a unguwa, wani gidan bulo a bakin hanya ya tsage. Gidan Dela ko ɗigo bai yi ba. Ta zauna a baranda tana kallon ruwa yana bin hanyar da Mahamud ya sa aka fitar masa, ta ce lallai kuɗin mutumin nan halal ne. Ta so ta faɗa wa wani, ta duba ba kowa, ta faɗa wa kanta.

Cikin daminar ne, wata rana da azahar, jiri ya ɗebe ta tana shanya. Hawan jininta ne, ta san shi. Ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin katangar gabas, idonta yana ganin duhu-duhu. A'i tana can ɗaya gefen, kusa ƙwarai, tana tankaɗe tana 'yar waƙa, har Dela tana jin bugun hannunta a jikin rariya. Kira ɗaya ya isa. Amma wa za ta kira? Matar da ke ce mata Madam? Sannan a zagayo ta gaban masallaci a tarar da ƙofa a kulle ta ciki, a tara mata gari. Ta yi shiru ta jira jirin ya sake ta, ta rarrafa ta sha magani. Ranar ta yi kuka, don abin da ta gudo daga Arlit saboda shi ya same ta a garinsu, a jikin gidan ubanta.

Da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ta ga wani zane a katangar. Siririn layi ne, ya tashi daga ƙasa ya miƙe ya karya ya sauko, kuma simintin da ke cikinsa ya ɗan fi na kewaye haske. Ta ce a ranta ga tsagar Rahinatu ta iso. Ta kira Mahamud.

Ya zo washegari. Ya ƙwanƙwasa da 'yar gudumarsa sama da ƙasa, ya kara kunne, ya ce ba tsaga ba ce, katanga lafiyarta lau. Wurin da aka toshe ne, sabon gini da tsoho ba sa shan ruwa daidai. Dela ta ce wace toshewa. Ya dube ta, ya mayar da gudumar aljihu.

"Ƙohwar da kinka ce a toshe, Madam."

Ta ce ai hanyar ruwa ce. Mahamud ya girgiza kai. Sannan ya ba ta labari, a hankali, kamar mai karanta sakamakon awo. Ya ce yayanta ne ya auna wurin da kansa tun ana tushe. Ya tsaya a ciki ya buɗe kafaɗu, sannan ya sa aka kawo faifai aka gwada, don mace ta wuce da kwano a hannu ba tare da ta karkata ba. Ranar da aka zo toshewa magini ya ƙi taɓawa, ya ce a sake kiranta. Yayan nata ya ce a'a, mai gida ta yi magana. Shi ya riƙa miƙa bulo da hannunsa har aka kai sama.

"Garinmu ma haka a kai," in ji Mahamud. "In ɗiya mace ta dawo gida, ana bar mata ƙohwa ta ciki. Na aza kin sani, kin zaɓa. Ni aikina in hwaɗi abin da bango ka iya ɗauka. Wanda za shi bi ta ciki, ban ga hurumina na ba."

Dela ta zauna a kan turmi. Sai yanzu ta gan ta a zuci, ƙaramar ƙofar nan ta gidan Gwaggo Yalwa, mai tsohon asabari, wadda bakinta ya yi santsi don yawan dafawa. Ta bi ta cikinta sau ba adadi tana yarinya, da gudu, da kwano, da kuka. Ta riƙe tsohuwar a ranta shekara da shekaru, ta riƙe tuwon da hirar, ta manta ta inda ake shiga. Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga ido ta dubi baƙon da ke tsaye.

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta zagaya. Ba ta jira an shimfiɗa tabarma ba, ta wuce kai tsaye wajen katanga tana neman wurin ta ɗaya gefen. Ba ta gan shi ba. Wani sabon rumbun ƙasa ne a tsaye a gurbin, ƙato, mai tumbi, a kan duwatsunsa, an cika shi da geron bana an ɗora masa hular ciyawa. Ta sha ganinsa in ta zo, ta ma taɓa yaba kyansa.

Hamidu yana zaune a gindin bishiya yana tufka igiya. Ta zauna a ƙasa a gabansa.

"Yaya, ban san ƙohwa ta ba."

Bai ɗago ba. Ya murza igiyar a cinya, ya ƙara zare.

"Gidan ga kinka tashi, Dela. Ta ina kike shiga wurin Gwaggo?"

Ya ce da ta kawo mai duba aiki bai ji zafi ba, shi bai san siminti ba, kuma ga shi damina ta nuna gaskiyarta. Amma da aka ce ta ce a toshe, sai ya ce ta yi zaman birni, tana son gidanta ita kaɗai, kuma ba a tilasta wa mutum dangi. Ya hana kowa ya dame ta. Ta ce me ya hana ya tambaye ta. Ya ce ita me ya hana ta tambaye shi.

Ta ce tana so a buɗe.

"Bango naki na," ya ce. "Rumbu ko kin gane shi, ya cika. Ba a hwasa rumbu da hatsi ciki."

A'i ce ta raka ta zaure. A nan ta faɗa mata, ba tare da ta dube ta ba, cewa ba don mugunta Hamidu ya gina rumbun a wurin ba. Kullum ya fito alwala sai idonsa ya faɗa a kan tabon, ya tsaya yana kallo, har ya gaji ya kira masu gini. Dela ta tambayi yaushe za a taɓa sabon rumbu. A'i ta ce ai ta sani, tsohon hatsi ake fara ci, kuma tsohon rumbu ko rabi bai yi ba. Sabo sai damina ta tsaya, in ana noma. Kafin a ga gindinsa kuwa, sai abin da Allah ya yi.

Duk da haka Dela ta sa aka fasa. Yaƙubu ya zo da kayan aikinsa, Mahamud ya tsaya a kansa, aka tokare katangar, aka cire bulo ɗaya bayan ɗaya, aka zuba linto da ƙarfen da Kwantirola ya zaɓa da hannunsa. Da aka gama sai ga ƙofa tsaf, tana buɗewa a kan jan tumbin rumbu, tsakaninsu bai wuce tafin hannu ba. Yaƙubu ya ja da baya ya ƙare mata kallo. Ya ce duk Tama babu ƙofa mai ƙarfin wannan, kuma ya taya ƙadangarun unguwa murna. Shi ne wasa na farko da ya yi mata tun dawowarta. Mahamud ya ƙwanƙwasa linton ya ce ya yi, ya sha ruwa, ya hau motonsa ya kama hanyar Keita.

Gari ya yi dariya, Dela ba ta kula ba. Ta ɗauko kujerarta 'yar tsugune ta aje a bakin ƙofar. A nan take shan kununta da safe, a nan take tsince wake. Yanzu muryoyin suna zuwa mata sosai, tana jin farkon magana da ƙarshenta, wani lokaci har ta yi dariya tare da su, su ba su sani ba. Ba ta ganin kowa. Tuwo yana zuwa ta babbar ƙofa kamar kullum, a kwanon baƙi. In jiri ya taso mata sai ta dafa tumbin rumbun, ta ji ɗumin rana a jikinsa, ta riƙa tunanin yawan geron da ke ciki da yawan kwanan da ya rage mata, ta rasa wanda zai riga ƙarewa.

Sanyi ya shigo. Wata safiya tana zaune a wurin, lulluɓe da zane, ta ji an jingina wani abu a jikin rumbun ta ɗaya gefen. Ƙasa ta ɗan zubo. Aka fara hawa, a hankali, tsani yana ƙara, mai hawan yana hutawa a kowane mataki. Ta ji tarin da ta sani a sama da kanta. Aka janye hular ciyawa.

Sai muryar A'i ta tashi tana mita, da ƙarfi, yadda duk gidan zai ji. Ita dai ba ta taɓa ganin inda aka bar tsohon hatsi ƙwari na ci aka buɗe sabo ba. Mutum ya tsufa, gwiwa ba ƙwari, ga 'ya'ya ga jikoki, ya ce shi zai hau da kansa. In ya faɗo kada wanda ya kira ta.

Zangarniyar gero ta faɗo ta tsakanin katanga da rumbu, ta sauka a gaban ƙafar Dela. Wata ta biyo, wata ta biyo, har suka yi 'yar tsibi a bakin ƙofar.

"Mai-allura, kina nan ko kin mutu?" in ji A'i ta gefen rumbun. "Yayanki ya ce wanga za a ci. Sai ki taya mu, kin dai ga girman abin."

Dela ta miƙe daga kujerarta. Ta sunkuya ta tattara zangarniyar a zanenta. Geron ya ishi mai cin rabin kwano har kwana da kwanaki. Ta waiga ta hango babbar tukunyar a kife a kan kanta, sannan ta ɗaga kai wajen siririn hasken da ke tsakanin bango da rumbu.

"Ƙaro, Yaya," ta ce.